Naman Kazan da Na Zuba wa Malamin Dabbobi

Ɗakin da nake sayar da abinci a Tambuwal ƙarami ne, taku shida daga ƙofa zuwa bango. Na laka ne, rufin azara, jingine da zauren gidanmu, ƙofarsa na kallon hanyar da motocin Jega ke bi. Na shimfiɗa tabarmi biyu, na sa kafinta ya yi mini tebura uku gajeru, irin waɗanda mutum zai zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa ƙarƙashinsu. A bakin ƙofa na rataya guntun yadi shuɗi, tsage biyu. Mutum takwas in sun shiga, ɗaki ya cika. Da damina in ana ruwa, ƙamshin man gyaɗa da albasa kan taru a ciki har ya kama tufafin mutane, wasu su gama ci su ƙi tashi.

A Kaduna na koyi girkin. Na fara aikin kuku a gidan wani Bature a Sakkwato tun kafin a sami mulkin kai. Da ya tashi komawa ƙasarsu ya rubuta mini takardar shaida, ita ce ta kai ni gidan wasu injiniyoyi 'yan Japan da suka zo kafa masaƙa a Kaduna. Babbansu dattijo ne gajere mai furfura, ba ya son hayaniya. Ran Lahadi yakan shigo kicin, ya naɗe hannun riga, ya nuna mini abincin da yake kewa. Rabinsa abincin Turawa ne da na riga na sani, sai dai sun juya shi yadda zai zauna da shinkafa. A soya shinkafa da tumatir, a lulluɓe ta da wainar ƙwai mai laushi. A buga nama ya yi faɗi, a tsoma shi a ƙwai, a birgima shi cikin garin busasshen burodi, a soya. Sai miyar kori mai kauri, da wani romo da suke sha safe da yamma, wanda ake dama masa wani ƙullu daga gwangwani. Ranar da na fara buɗe gwangwanin nan na ce a raina, wannan ai ƙanwar daddawa ce.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki uwata ta aiko sau uku in dawo gida. Na dawo da matata, da kwanon suya biyu da wuƙar da dattijon ya ba ni. Abin da ƙasarmu ke da shi da shi na yi aiki: shinkafar fadama, ƙwan zabi, naman tunkiya, man gyaɗa. Romon nan kuwa da daddawa da bandar kifi nake yin sa. Gauta in yanka ta sirara, in zuba gishiri, in danne da dutse ta kwana. Mutanen gari suka sa wa shinkafar da ke cikin ƙwai suna, wai shinkafa mai riga. Tsofaffi ba sa shiga. In sun zo wucewa sukan rage tafiya su leƙa, har na taɓa jin wani na cewa wanda ya zauna da mutanen da ba a san abin da suke ci ba, ba a san abin da ya koyo ba. Masu cin abincina malaman makaranta ne, da ma'aikatan En'e, da direbobi.

A cikinsu babu wanda nake jin daɗin gani kamar malamin dabbobi. Mutumin Kebbe ne, dogo, mai dariya da ƙarfi, yana yawon yi wa shanu allura daga Dogon Daji har Fakku. Duk Laraba yakan biyo ta wurina kafin ya wuce gida. Ba ya tsoron sabon abu. In ya ci ya ji daɗi, sai ya buga tebur ya faɗa yadda na waje zai ji. Kuku yake ce mini.

Akwai wata tsohuwa Bafillatana, Inna muke ce mata, da ke kawo mana nono da ƙwan zabi. Wata Laraba a tsakiyar damina ta sauke ƙwarya, ta kwance wani ƙulli a gefen zanenta. Naman kaza ne, ba na tsuntsuwa ba, wannan da ke tsirowa a ƙasa bayan ruwa kamar 'yar lema. Ta ce a kan suri take cire shi, su suna ci tun kakanni, ta ji an ce ina sayen abin da mutane ba sa saye.

Na tsaya ina jujjuya shi a hannu. A Kaduna dattijon nan yana son naman kaza ƙwarai, busasshe ake aiko masa daga gida. Wata rana na ciro ɗanye a bayan gida na kawo masa ina murna. Ranar ce kaɗai ya taɓa ɗaga mini murya. Da ya huce ya zaunar da ni, da ɗan Turancinsa da hannu ya yi mini bayani. Ya ce akwai mai guba a cikinsa, kuma mugun ba ya gaggawa. Ka ci yau ka yi dariya, gobe ka kama amai da zawo, jibi ka ji sauƙi har ka ce ka warke, alhali a lokacin ne yake cin hanta. Ya ce ya san gidan da aka yi haka a ƙauyensu.

Duk na tuna wannan. Amma na Inna fari ne tas, yana ƙamshin ƙasa, ga ta kuma tsohuwa da ranta da lafiyarta. Na karɓa. Na soya shi da man shanu da albasa, na zuba cikin miyar kori. Na ɗanɗana, na ji abin da ban ji ba tun barina Kaduna. Na ɗiba na kai wa matata cikin gida, tana da cikin wata bakwai a lokacin. Ta yamutsa fuska da farko, daga baya ta cinye ta suɗe kwanon. Ni ma na ci. Ban zuba wa kowa a cikin masu saye ba, na ajiye sauran don mutum ɗaya.

Bayan azahar malamin dabbobi ya ɗaga labule, takalmansa duk taɓo. Malaman makaranta biyu na zaune suna shan romo. Na zuba masa shinkafa, na kwashe masa miyar har ƙasan tukunya. Ya kai loma biyu, ya tsaya, ya ɗaga wani yanki a cokali.

"Kuku, wanga abu mai sulɓi mi na na?"

Na ce, "Naman kaza ne, Malam."

"Kai! Wace irin kaza ce wagga, ba ƙashi ba tsoka?" Ya tuntsire da dariya. "Mutanen Japan har kaza sun iya lallashi."

Malaman suka yi dariya, ni ma na yi. Na san bai gane ba. Na kuma san yawancin mutanenmu ƙyamar abin suke yi, in na ƙara kalma biyu zai iya ajiye cokalin a gaban mutane. Na yi shiru. Ya cinye, ya buga tebur, ya ce yau na wuce kaina. Ya yi sallama ya kama hanyar Kebbe.

Washegari, Alhamis, rana ta kusa tsaka ina yanka albasa, wani masinjan En'e ya jingine kekensa ya shigo neman abin kari. Daga Kebbe yake. Yana wanke hannu ya ce, kamar mai ba da labarin farashin gero, "Abokinka dai yana can rai a hannun Allah. Tun jiya da magariba shi ka amai, yanzu ko ruwa ba ya zama cikinai."

Na ce, "Wane abokina?"

"Malamin dabbobi mana."

Ban san lokacin da na ajiye wuƙar ba. Na zuba masa abinci. Na shiga cikin gida. Matata na zaune a inuwa tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa gabanta na kama fuskarta, na ja fatar idonta ina duba ko ya sauya launi.

Ta ture hannuna. "Maigida, lafiya?"

"Cikinki fa? Ba kya jin komai? Ba tashin zuciya?"

"Abin da ke ciki ne ke motsi, kamar kullum. Mi ya faru?"

Na gaya mata duka, har maganar dattijon Kaduna da ban taɓa gaya mata ba. Ta ajiye faifan a hankali, ta ɗora hannu a kan cikinta. A lokacin nan na yi tunanin da har yau nake jin kunyarsa. Ba wanda ya san abin da ke cikin miyar sai ni da ita da Inna. Malaman nan biyu kaza suka ji. In na wanke tukunya na yi shiru, shi ke nan. In kuwa na buɗe baki, kalma ɗaya za a faɗa, sammu, kuma a wannan shekarar ba a daɗewa ana bincike kafin a ɗaure mutum.

Kamar ta ji abin da nake saƙawa, ta ce, "Su can ba su san abin da ya ci ba ko?"

"Ba su sani ba."

"To maganin mi za su ba shi?"

Na ce, "In tafi in bar ki? In ya tashi miki ina can fa?"

"Tsohuwa tana nan," wato uwata. "Kai in ka zauna kallona za ka yi. Tashi."

Na rufe ɗakin abinci na hau keke. Ruwan da aka yi kwana biyu ya ɓata hanya. Inda yashi yake in tuƙa, inda laka take in sauka in tura, wani wurin in saɓa keken a kafaɗa. Gero ya yi tsawo dama da hagu, ya rufe iska, ba ka ganin komai sai 'yar hanyar da ke gabanka. Duk ƙugin da cikina ya yi sai in tsaya in saurara. Yawu ya riƙa taruwa a bakina, ban sani ba ko guba ce ko tsoro. Sau biyu na juya kan keken zuwa gida, sau biyu na sake juyowa.

Gulbi ya cika ya tumbatsa. Na tarar da mai fito zai tashi da mata biyu da tunkiya, na ɗora keken na shiga. Muna tsakiyar ruwa ya tambaye ni inda za ni. Na ce dubiya, gidan su malamin dabbobi.

Ya girgiza kai. "Jiya ni na fid da shi, lafiya lau, yana ta ba ni dariya. Wanga ba ciwon Allah da Annabi ba ne."

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "An ce a abinci anka ba shi. Yayyensa sun rantse sai sun gano ko wane ne."

Na sa ido a kan ruwan, ja wur da shi, yana juya kara da kumfa. Na riƙe bakin jirgin da hannu biyu.

Da la'asar sakaliya na isa. Gidan babba ne, da garken shanu a baya. A zaure na tarar da mahaifinsa, tsoho siriri mai farin gemu, zaune a kan buzu, da manyan 'ya'yansa biyu. Na yi sallama, na cire takalma, na durƙusa. Aka gaisa. Aka kawo mini ruwa na ajiye a gefe.

Na ce, "Baba, ni ne mai abincin Tambuwal. Wurina Malam ya ci abinci jiya."

Na faɗi abin da na dafa, da wadda ta kawo, da tambayar da ya yi mini, da amsar da na ba shi. Ban ɓoye cewa na san bai gane ba. Kafin in rufe baki babban wan ya miƙe, ƙato ne mai faɗin kafaɗa, ya tsaya a kaina har ina jin numfashinsa.

"Abin da ko akuya ba ta ci shi ka ba ɗan'uwana? Ka kuma yi mashi ƙarya?" Ya juya ga ƙanensa. "Tafi ka kira 'yan doka."

Tsohon ya ɗaga hannu kaɗan. Ƙanen ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wa da wa ya ci?" in ji tsohon.

"Ni, da shi, da iyalina."

"Iyalinka tana ina?"

"Tana gida, Baba. Tana da juna biyu."

Ya dube ni. "Ka baro ta ka taho nan."

"I, Baba."

"Zauna," ya ce wa babban ɗan. Bai zauna ba, amma ya ja baya ya jingina da bango. Tsohon ya ci gaba da yi mini tambayoyi kamar mai binciken abin da saniya ta ci a daji: launin abin, inda ya tsiro, yawan da kowa ya ci. Da na ce na Malam ya fi namu yawa ninki uku, ya runtse ido. Ya sa aka kira malamin asibitin garin, na sake maimaita komai a gabansa. Shi ya ce a ci gaba da ɗura masa ruwa kaɗan-kaɗan, abin da ya wuce haka ba shi da kayan aikinsa a nan.

A zauren na kwana, babban wan kwance a bakin ƙofa.

Da safe, bayan an yi salla rana ta fito, muka ji guɗa a cikin gida. Ƙanen ya fito da gudu yana dariya, ya ce amai ya tsaya, Malam ya tashi zaune, har ya ce a dama masa fura. Babban wan ya yi hamdala, ya dube ni a karo na farko ba da harara ba, ya ce, "Allah ya cece ka, kuku." Aka ce in shiga in gan shi.

Yana zaune jingine da bango, ya rame a kwana biyu kamar wanda ya yi wata yana jinya. Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Kuku, har nan? Wa ka bar wa shinkafa mai riga?" Ba a gaya masa komai ba tukuna. Na amsa da abin da na iya. Haske na shigowa ta ƙofa, na matsa kusa kamar zan gyara masa matashi, na dubi farin idonsa. Ban tabbata ba. Kamar akwai ɗan rawaya a gefe, kamar kuma babu.

Da muka fito, hanya a buɗe take gare ni. Kowa na murna, ba mai riƙe ni, ga matata can ban san halin da take ciki ba. Na kai hannu ga keken. Sai na sake shi, na koma na durƙusa gaban tsohon.

"Baba, wannan sauƙin shi nake tsoro."

Na gaya masa abin da dattijon Kaduna ya ce game da rana ta biyu. Babban wan ya daka mini tsawa, ya ce mugun baki nake yi wa ɗan'uwansa, jiya na ba shi guba yau ina kira masa mutuwa. Mata suka leƙo daga cikin gida. Na ce, "A ɗaure ni in ana so. A dai kai shi Sakkwato yau."

Tsohon ya tashi ya shiga ciki. Da ya fito ya ce a ɗaura wa shanu amalanke.

Tafiyar ta cinye mana yini. Aka shimfiɗa masa katifa a amalanken, aka kafa zane ya tare rana. A gulbi aka ɗauke shi a hannu aka sa a jirgi, a ƙetare aka ari wani amalanken. Da farko yana ta mita, wai ana wahalar da shanu a banza, shi ya warke. Bayan azahar ya daina magana. Ina tafe a gefe ina tura keke, babban wan na bayana, duk inda na sa ƙafa nan yake sa tasa. Da muka tsaya ba shi ruwa na ga idon a fili. Wan ma ya gani. Ya tsawata wa shanun.

Da muka shigo Tambuwal sai da muka bi ta ƙofar gidanmu kafin tasha. Tun daga nesa nake ƙirga mutanen da ke wajen, ina duba ko an shimfiɗa tabarmi. Ba kowa sai awaki. Wan ya ce, "Shiga ka duba. In ka gudu na san gidan."

Na tarar da matata a tsaye tana kwashe shanya. Na zauna a ƙasa inda nake. Ta ce ba abin da ya same ta, ko ciwon kai. Na koma tasha, aka samu lori mai zuwa Sakkwato, muka ɗora shi a gaba kusa da direba, wan ya hau baya. Motar ta tashi bai waiwayo ni ba.

Sai da na dawo matata ta gaya mini sauran. Bayan tafiyata ta roƙi uwata ta je ruga ta zo da Inna. Inna ta rantse abin da ta cire a kan suri ba ya kashe ko ƙuda. Da aka matsa mata sai ta tuna ba ita kaɗai ta cika ƙullin ba. Matar ɗanta, baƙuwa ce a wajen, ta ƙara wasu 'yan kaɗan da ta samo a gindin wani ruɓaɓɓen kututture. Nawa ne, ba ta sani ba. Yaya kamanninsu, farare ne su ma.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Labari ya riga ya zaga gari. Na buɗe ɗakin abinci ran Asabar, na hura wuta, na soya albasa, ba wanda ya ɗaga labule. Malaman makarantar nan biyu suka riƙa bi ta ɗaya gefen hanya. Wata safiya na ga ɗan doka ya nufo ƙofata, na miƙe na tsaya ina jiran ya kira ni, ashe wucewa zai yi. Duk motar da ta taso daga Sakkwato sai in fita in tsaya ina kallon abin da za a sauke, ina tsoron in ga dogon abu naɗe a tabarma. Kullum da safe sai na duba idon matata, har ta gaji ta ce in na sake taɓa mata fuska za ta tafi gidansu. Ni kaina na daina cin abin kirki. Shinkafar da na dafa ba mai saye, uwata ke rabar da ita a unguwa, wasu gidajen ma a dawo da kwanon yadda aka kai shi.

Ran kwana goma sha ɗaya wani direba ya tsaya ya ce mini an ce a gaya mini mutumin yana da rai, ya fara cin tuwo. Ban tambaye shi wanda ya aiko ba.

Matata ta sauka lafiya bayan an yanke gero, mace. Masu cin abinci suka fara dawowa, direbobi da farko, don su ba ruwansu da zancen gari. Wasu ba su dawo ba har na bar sana'ar.

Sai da kaka ta yi nisa malamin dabbobi ya zo. Ba kowa a ɗakin. Rigarsa ta yi masa yawa, ya zauna a hankali yana dafa tebur. Na gaishe shi ina durƙushe.

Ya ce, "Likita ya ce ciwon shawara ne. Ya ce yana iya zama abin da ka ba ni, yana iya zama ruwan da na sha a ruga kwanaki kafin nan. Bai iya rabewa ba. Amma ya ce da an ƙara kwana biyu a gida, da wani zance ake yi."

Na ce, "Malam, ka yafe mini."

"Baba ya gaya mini kai ka tilasta a kai ni. Wannan na gode." Ya murza gefen teburin da yatsa. "Abu ɗaya ni ka son sani. Da na ce wace irin kaza ce, don mi ba ka faɗa mini ba?"

Na yi ta neman amsar da za ta fi wadda nake da ita kyau, ban samu ba. Na ce, "Na ji tsoron ka ƙi ci. Ina son ka yaba."

Ya gyaɗa kai. "Da ka faɗa, da na ci. Ka san ni."

"Na sani, Malam."

"Na yafe maka, duniya da lahira."

Na tambaye shi ko in zuba masa wani abu, akwai romo a wuta. Ya ce likita ya hana shi mai, in dai akwai ruwan zafi ya isa. Na dafa masa shayi ba madara. Ya sha rabi, ya tambayi sunan jaririyar, ya sa mata albarka. Ya ce an mayar da shi aikin ofis a Sakkwato, jikinsa ba zai ƙara ɗaukar yawon ruga ba, shi da tun yana yaro bai san zama wuri ɗaya ba. Na raka shi tasha. Matakin lorin ya yi masa tsawo, ya gwada sau biyu ya kasa, na sa kafaɗa ya dafa ya hau.